Kafin Sikeli Ya Tsaya

Ƙarfe tara da 'yan mintoci na safe, Najiba na durƙushe gaban wata tsohuwar inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma ta gida, a shagon Oga Boniface da ke Wulari, sai wayar Oga ta yi ƙara. Ya ɗauka da hannun hagu, na dama yana riƙe da burodi. Tun da ya kara ta a kunne bai sake kai burodin baki ba.

Ya Zainaba ce, ungozomar wani ɗan ƙaramin asibiti a bakin Konduga, inda su biyun suka haɗa sola a watan Fabrairu. Ta fara da doguwar gaisuwa yadda ta saba, ta tambayi iyali, ta tambayi zafi, sannan ta shigo da maganar a hankali kamar mai neman alfarma. Wai wutar tana yankewa da kanta in rana ta take. Ba rashin caji ba ne, batura cike suke. Kawai sai ka ji ƙas, komai ya mutu, sai an ruga an danna jan maɓallin nan. Jiya sau biyar. Ga kuma jaririya bakwaini a kan injin oksijin, tukunyar oksijin ta ajiya ta ƙare tun makon jiya, motar da za ta zo da wata tukunyar ta kai yarinyar babban asibiti cikin gari kuwa sai gobe da safe.

Oga ya ajiye waya ya dubi Najiba. Ba sai ya yi mata bayani ba. Jan maɓallin nan a jikin akwatinta yake.

Akwatin nata ne tun daga zane har dalma. Najiba ta gama karatun injiniyan lantarki shekara uku da suka wuce, ta yi yawon neman aiki har ta gaji don kanta, ta ƙare a shagon Oga Boniface, mutumin da ya shekara ashirin da bakwai a Maiduguri, bai tafi ba ko a lokacin da kowa ke tafiya. A shagon ta ga abin da ke kashe wa mutane inbata: wuta ta yi yawa farat ɗaya, waya ta haɗu ko injin famfo ya cije, kafin fiyus ya farga ciki ya ƙone ƙurmus. Sai ta ƙera akwatin da zai tsaya gadi, yana auna wutar da ke fita sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, in ta wuce kima ya yanke ta. Mai Gadi suke ce masa a shago, kuma ta sa guda goma sha biyu a gidaje da shaguna, har da wannan na asibiti.

Duk hikimar Mai Gadi tana cikin wani ɗan abu baƙi da bai wuce ƙwayar shinkafa ba. A littafi kwamfareta sunansa, ita kuwa ɗan sikeli take ce masa, don aikinsa ke nan: a ba shi wuta biyu ya ce wacce ta fi nauyi. Bai iya lissafi ba, bai iya komai ba, i ko a'a kawai ya sani. Kafin a sami awo guda sai an tambaye shi sau goma sha biyu. A ɗora babban dutsen awo, rabin ma'aunin gaba ɗaya, a tambaya ko wutar ta rinjaye shi. In ta rinjaya a bar shi, in ba ta rinjaya ba a sauke, sannan a ɗora mai rabin nauyinsa a sake tambaya, haka haka har 'yar tsakuwa ta sha biyu. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo a Kasuwar Kifi ta Baga Road ya san wannan aiki, Najiba kuwa a can ta tashi, don mahaifinta Baba Madu shekara talatin ya yi yana awon busasshen kifi kafin ido ya zaunar da shi a gida.

To, ga inda matsalar take. Duk dutsen da ka ɗora, sai sikeli ya yi lilo kafin ya tsaya. Na lantarki ma haka yake, sai dai nasa lilon ido ba ya gani. In ka jira ya tsaya, amsarka gaskiya ce, amma kana iya makara. In ka yi sauri ka karanta yana lilo, yau ka dace, gobe ka zuba ƙarya.

Mai Gadin farko mai haƙuri ne, ta ba shi isasshen lokaci a kan kowane dutse. Bai taɓa yin ƙarya ba. Amma a watan Disamba injin rijiyar burtsatsen wani mutum ya cije, kafin Mai Gadi ya gama tambayoyinsa inbata ta tashi da hayaƙi. Mutumin ya zo shago ya yi ta zuba faɗa a gaban jama'a, har da cewa shi bai san abin wasan yara mata aka saka masa a gida ba. Da ya tafi Oga bai zage ta ba, cewa kawai ya yi ta ƙara wa abin nan sauri. Ita kuwa maganar abin wasan ta tsaya mata a wuya. Rabi ya kamata ta rage, sai ta datse lokacin jiran zuwa kashi ɗaya cikin uku, don a san wa aka yi wa magana. Ta gwada shi mako guda cur a shago, cikin sanyin Janairu, kowa sanye da rigar sanyi, ko kuskure ɗaya bai yi ba.

Kada wani ya ce ba ta sani ba. Ta sani sarai. A rubuce yake a takardar da ke zuwa da ɗan sikelin cewa zafi yana sa shi nawa, har ta ja wa wurin layi da biro. Ta ce wa kanta in bazara ta shigo za ta sake gwaji. Bazara ta shigo, aiki ya yi yawa, mutane suna yabon Mai Gadi, ita kuma yabon yana mata daɗi.

A tsohuwar motar Oga suka kama hanya, kwamfutarta a cinya, mita da kayan aiki a kujerar baya. Afrilu ne, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. A kowane shinge sai sun rage gudu an duba su, kuma a na ƙarshe aka tuna musu cewa ƙarfe huɗu ake rufe hanya. Oga ya yi ta magana don kada shiru ya yi yawa, yana cewa wataƙila waya ce ta saki, wataƙila ɓera ne, abin minti goma. Najiba kuwa hankalinta ba a motar yake ba. Mahaifinta take tunawa, wanda 'yan kasuwa suka laƙaba wa Madu Sai-ya-tsaya. Fatake na tsaye, mota na jira, direba na danna oda, shi kuwa ya goya hannu a baya yana kallon harshen sikeli kamar ba da shi ake ba. Tana yarinya abin kunya yake ba ta, ta sha ja masa riga tana cewa ya yi sauri mana.

Asibitin ɗaki uku ne da rufin kwano, sai ɗan sito a gefe inda aka jera batura. Ya Zainaba ta tarbe su a ƙofa, mace mai kimanin shekara hamsin da biyar, lafayarta na ƙamshin turaren wuta duk da gumin da ke zubo mata. Ta ce musu wushe, wato sannu da hanya, ta kawo ruwan randa, sai da suka sha sannan ta yarda ta shigar da su.

A ɗakin masu jego akwai wata matashiya zaune a bakin gado, sunanta Raudatu. Gefenta an shimfiɗa zannuwa biyu, kowane an naɗe shi kamar ɗan gida. A cikin ɗaya akwai jaririyar da ba ta kai tsawon hannun Najiba daga gwiwa zuwa yatsu ba, siririn tiyo a hancinta, ƙirjinta na ɗagawa da sauri kamar na ɗan tsako. Ɗayan zanen babu kowa a ciki.

A bakin ƙofa Ya Zainaba ta faɗa musu, murya ƙasa ƙasa. Tagwaye ne, ranar Litinin aka haife su. Hassana ta koma jiya bayan azahar. Ita tana ɗakin haihuwa hannunta cikin aiki, wata mata na kan gwiwa, kai ya riga ya fito, ba ta ji lokacin da injin ya yi shiru ba. Raudatu kuma barci ya ɗauke ta, kwana uku ba ta runtsa ba. Usaina ce ta rage. Ba ta faɗi wannan a waya ba don ba maganar waya ba ce. Ta ce kwanan yarinyar ne ya ƙare, ta share fuska da gefen lafaya, ta wuce gaba ta buɗe musu sito.

Zafin da ya tarbe su a ɗakin nan, wallahi sai ka ɗauka tanda aka buɗe. Ba silin, kwano ne kawai tsakaninsu da rana. Najiba ta ɗaga ido inda ta kafe Mai Gadi a bango, ba ta gan shi ba. Wani farin ƙyalle ta gani, an yi masa aikin zare, furanni kore da ja, gefensa an bi shi da leshi, an ɗinka shi daidai akwatin kamar riga. Oga ya fizge shi. A ciki har da shafin leda mai kauri, an toshe duk ramukan shan iska. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin ya janye da sauri.

Tun da Najiba ta san shi ba ta taɓa jin ya ɗaga wa babbar mace murya ba, amma ranar ya ɗaga. Ya tambayi wa ya ce a sa wa na'ura riga, ko amarya ce. Ya ce an shaƙe abu an hana shi numfashi, sannan a ce yana yankewa.

Ya Zainaba ta yi bayani a tsaye, hannayenta a haɗe. Ƙarshen Maris ya fara yankewa, sau ɗaya, bayan kwana huɗu ya sake. Sai ta ce ƙura ce ke shigar masa. Ta ji nauyin ta kira mutanen da suka zo suka yi musu aiki don Allah ta ce aikinsu ya lalace tun ba a je ko'ina ba. Shi ya sa ta zauna ta ɗinka masa wannan, yadda take yi wa rediyonta da keken ɗinkinta, don abu mai daraja ba a barin shi tsirara. Tana cikin magana sai muryarta ta fara raguwa. Kana gani a fuskarta tana komawa baya tana jera kwanaki. Kafin ƙyalle sai an kwana biyu. Bayan ƙyalle kullum.

"Ke nan ni ce," ta ce.

Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙyallen daga ƙasa, ta kaɗe shi, ta ninke gida huɗu, ta fita da shi.

Najiba tana tsaye a wurin, bakinta a rufe. Oga ya ɗan kalle ta ya kau da kai, kuma a wannan ɗan kallon ta gane cewa ya sani. Ba don ya yarda da ƙyallen ya yi faɗan ba, kare ta yake yi. Abin da ya fi muni shi ne ta ji sanyi a ranta. Ta ji daɗi an sami wanda zai ɗauki laifin, kuma ta tsani kanta a kan wannan daɗin tun kafin ya gama ratsa ta.

Suka bar ƙofar sito a buɗe, Oga ya samo kwali yana yi wa akwatin fifita. Rabin awa, awa guda, shiru. Har ya fara cewa to ka gani, magana ta ƙare. Ƙarfe ɗaya da rabi daidai, ba ƙyalle, ba leda, ga fifita, Mai Gadi ya yi ƙas.

Najiba ta danna jan maɓallin tun kafin ƙarar ta gama fita, amma a lokacin ta koyi abin da ba ta taɓa tambaya ba. Injin oksijin ba fitila ba ne da zai kama nan take. In ya mutu ya tashi, sai ya yi minti huɗu yana huci kafin iskar kirki ta fara fita. Ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallon waɗannan mintoci huɗu. Ya Zainaba ta ɗora wa Usaina 'yar jakar hura iska tana matsawa da yatsu uku. Leɓunan yarinyar suka rine, suka koma kalar toka. Raudatu ba ta yi ihu ba, ta dai riƙe ƙafar 'yar tata tana motsa baki. Da koriyar fitilar injin ta kama, kalar ta dawo, amma a hankali ƙwarai, kamar tana shawarar ko ta dawo.

Najiba ta koma sito ta jona kwamfutarta. Mai Gadi yana rubuta duk yankewar da ya yi, rana da lokaci da awon da ya sa shi yankewa. Ga su nan a jere. Na farko ashirin da shida ga Maris, ƙarfe biyu saura, lokacin babu wani ƙyalle a duniya. Awon da ya rubuta kuwa ƙarya ce tsagwaronta, ya ce wutar da ke fita ta ninka abin da asibitin gaba ɗaya zai iya ja ko an kunna komai da komai. Ta gangara ƙasa. Jiya, ƙarfe biyu da minti bakwai ya yanke, biyu da sha takwas aka danna maɓalli. Minti goma sha ɗaya. Ta daɗe tana kallon layin nan har rubutun ya fara rawa.

Oga ya leƙa ta kafaɗarta, ya gani. Sai ya kawo shawara. A cire Mai Gadi kawai, a haɗa waya kai tsaye, wuta ta tafi ba mai yanke ta. Najiba ta nuna masa tsohon firjin allurai da ke gurnani duk lokacin da zai tashi, ta nuna wayoyin da ɓeraye suka ɓare a saman katako. In wani abu ya haɗu babu gadi, inbata ta ƙone, ba minti huɗu ba ne kuma, har gobe ne. Ya ce to ta mayar da tsohon lokacin jira. Ta ce da tsohon lokacin aka ƙone inbatar gidan mai rijiya. Ya goge gumi ya dubi agogo.

"Najiba, biyu saura kwata. Zafin bai ma kai ƙarshe ba. Zaɓi ɗaya."

Ta kasa. Mai sauri yana ƙarya, mai gaskiya yana makara, kuma duk wanda ta zaɓa a hancin Usaina zai ƙare. Tsoro ya kama ta. Don kada ta dubi Oga sai ta ci gaba da kallon lambobin, tana bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ta lura da abin da ya kamata ta gani tun ɗazu. Ƙaryar kusan iri ɗaya ce kullum. A kan dutsen farko yake kuskure, babban, jefi jefi a na biyu. Daga na huɗu zuwa ƙasa ko sau ɗaya bai taɓa ɓata ba.

Sai ga Baba Madu a idonta, ba yadda ta saba tuna shi ba, yadda yake aikin a zahiri. Ba a kan kowane dutse yake goya hannu ba. In ya ɗora babban, mai sa sikeli ya yi tsalle, nan ne yake tsayawa, har ya ɓare goro ya amsa gaisuwa. Ƙananan kuwa jefa su yake yi tas tas tas, don da ƙyar suke motsa harshen. Ita tana yarinya jiran kawai take gani. Ta girma ta je ta raba wa duwatsu goma sha biyu lokaci daidai wa daida, kamar mai rabon shinkafa a gidan suna, babba da ƙarami faranti ɗaya.

Ta jawo takarda. Ukun farko ta mayar musu da tsohon dogon jira, sauran tara ta bar su da gajeren. Jimilla ta fito rabin lokacin Mai Gadin farko. A lissafi inbata za ta iya jure wannan, da ƙyar, babu rara mai yawa. A lissafi ke nan. Babu mako guda na gwaji, ko awa guda babu. Kuma kafin sabon tsarin ya shiga sai an kashe akwatin minti biyu, ga huɗun injin a kai.

Ta je ta gaya wa Ya Zainaba. Matar ba ta ɗago ta dube ta ba, ta ce ita yau ba ta da bakin yanke wa kowa shawara, a tambayi uwar. Najiba ta durƙusa gaban gado ta yi wa Raudatu bayani da Hausa, inda ya cije ta ƙarasa da Kanuri. Raudatu ta saurara har ƙarshe, ta tambaya in ba a kashe ba fa.

"Zai yanke da kansa, lokacin da ba mu shirya ba."

"To kashe yanzu da muke tsaye."

Oga ya zare firjin daga soket. Ya Zainaba ta gyara zama da jakar iska a hannu ta yi bisimilla. Najiba ta danna, asibitin ya yi tsit, har kana jin kwano na ƙara don zafi. A fuskar kwamfuta wani siririn layi ya fara cika daga hagu, kuma ba ta taɓa ganin abu mai nawa irinsa ba. Gumi na ɗiga daga haɓarta a kan madannai. Daga ɗaki tana jiyo fis, fis, fis na jakar, da muryar Ya Zainaba tana ƙirge. Layin ya cika. Ta danna jan maɓalli, injin ya tashi da hucinsa, ta ruga ta tsaya a ƙofa. Wannan karon Usaina ta fi rinewa. Minti huɗu suka cika, koriyar fitila ta kama, yarinyar ba ta motsa ba. Ya Zainaba ta ɗalli tafin ƙafarta sau ɗaya, sau biyu. A na uku ta yamutsa fuska ta saki wani ɗan kuka da bai fi na mage ba.

Suka mayar da firji. Ya yi gurnaninsa ya tashi, Mai Gadi bai ko tanka ba. Biyu da rabi ta wuce. Uku ta yi, lokacin da kwano ya fi zafi, lokacin da jiya da shekaranjiya yake yankewa a kai a kai, injin na ta hucinsa.

Uku da kwata Oga ya ce su tafi kafin a rufe hanya. Najiba ta ce ita a nan za ta kwana, ya biya ta gida ya gaya wa Baba Madu. Ya san ba ta jin magana in ta kafe, don haka bai ja ba. Amma a jikin mota ya rage murya ya roƙe ta abu ɗaya, ta bar maganar ƙyallen yadda take. Ya ce matar nan ta ga mutuwa iri iri a aikinta, za ta iya ɗauka. Ita kuwa Najiba in ta buɗe baki, ba wanda zai sake yarda akwatinta ya shiga gidansa a Maiduguri, kuma abin da ya faru ya riga ya faru. Don ƙauna ya faɗa, ta san haka. Ta ce masa akwai sauran goma sha ɗaya a gari, duk irin wannan saurin ne a cikinsu, gobe sai sun bi su gida gida. Ya dube ta, ya girgiza kai, ya tayar da mota.

A bayan asibiti ta sami Ya Zainaba, zaune a kan bulo cikin 'yar inuwar bango, ƙyallen a cinyarta. Reza ce a hannunta, tana warware furannin ɗaya bayan ɗaya, zaren kore da ja na taruwa a ƙafarta. Najiba ta tsuguna a gabanta.

"Ya Zainaba, ba ƙyallenki ba ne ya fara. Ya ƙara zafi, amma ko babu shi zai yanke, kin gani ɗazu. Ni na sa masa saurin da ba zai iya ba. Tun daga shago ya zo da ciwonsa."

Rezar ta tsaya. Ya Zainaba ta daɗe tana kallonta, ba fushi a fuskarta, ba sassauci.

"Kin san ba ya son zafi?"

"Na sani."

"Kika kawo mana shi Konduga."

Hawayen da Najiba ta riƙe tun safe suka zubo, ta bar su, ba ta share ba. Ya Zainaba ta ajiye rezar a kan bulo. Ta ce ita ta ɗauki rabonta na ƙyalle da na kunyar kiran waya, kuma za ta tafi da shi har kabari, Najiba ma ta ɗauki nata. Amma uwar tana da haƙƙin ta ji, kuma ba daga bakinta za ta ji ba.

Ba sai an je ko'ina ba. Tagar ɗakin masu jego a saman kansu take, a buɗe, Raudatu na tsaye riƙe da ƙarfen tagar. Tun yaushe take wurin, Allah kaɗai ya sani. Najiba ta miƙe tana jiran zagi, tana ma fatan a zage ta. Raudatu ta dube ta da busassun idanu.

"Yanzu kin gyara?"

I ɗin ya riga ya hau harshenta. Shi ake so a ji, shi zai sa matar nan ta ɗan kwanta, kuma lissafi yana bayansa. Ta haɗiye shi.

"Ya riƙe awa ɗaya da rabi. Ban sani ba tukuna."

Raudatu ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce to ta zo ta zauna inda za ta riƙa ganinta.

Najiba ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta ajiye a bakin ƙofar sito, inda hannunta zai kai ga jan maɓallin, inda kuma gadon ke kallonta. Ta zauna. A ɗaki injin na huci, ƙirjin Usaina na hawa da sauka, zanen Hassana na nan a naɗe ba wanda ya ɗauke. Saura awa goma sha shida motar ta zo, kuma rana ba ta sauka daga kan kwano ba tukuna.